Yadda ake tantance 'yan wasan ƙungiyar besbol idan kaka ta kai rabi

Ranar 10 ga Yuli, 2021, a birnin Miyami, Ronald Acuña Jr. ya daka tsalle zai cafe ƙwallo, ya dira ba daidai ba, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke. Shi ne gwarzon ƙungiyar besbol ta Atlanta Braves, kuma daga ranar bai sake taka fili ba a wannan shekarar. Da aka tafi hutun tsakiyar kaka, Braves ta ci wasa 44, an cinye ta 45. Duk wanda ya dubi teburi zai ce su haƙura, su tari baɗi. Shugaban harkokin wasa na ƙungiyar, Alex Anthopoulos, bai tsaya a kan teburi ba. Ya zauna ya tantance mutanen da ke hannunsa, ya gano inda bango ya tsage, ya sayo mutum huɗu ya toshe. A farkon Nuwamba Braves ta ɗaga kofin World Series, wato kofin zakaran gasar.

Irin wannan tantancewa ba sai shugaban ƙungiya ba. Alƙaluman suna nan kyauta a shafukan intanet na Baseball-Reference, FanGraphs da Baseball Savant, kuma mai goyon baya da waya a hannu zai iya yin aikin cikin yammaci ɗaya. Zan bi misalin babbar gasar Amurka da Kanada, wato MLB, mai ƙungiyoyi 30, inda kowace ke buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Lokacin da ya dace shi ne daga wasa na 81 zuwa ranar rufe kasuwar musayar 'yan wasa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san kasuwar watan Janairu. To kusan haka take, sai dai a nan ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba, da matasa masu tasowa ake biya.

Mataki na farko: ajiye teburi, ka ɗauki maki

Ka fara da lambobi biyu kawai: makin da ƙungiya ta ci tun farkon kaka, da makin da aka ci ta. Masanin alƙaluman besbol Bill James ya fito da wani lissafi mai sauƙi wanda har yau ake amfani da shi. Ka ninka makin da ta ci da kansa. Ka ninka makin da aka ci ta da kansa. Ka haɗa biyun, sannan ka raba na farkon da jimillar. Abin da ya fito shi ne kason wasannin da ya kamata a ce ta ci.

Ga misali. A ce bayan wasa 81 ƙungiya ta ci maki 400, an ci ta 360. Na farko ya ba ka 160,000, na biyu 129,600, jimilla 289,600. Idan ka raba za ka samu kusan kashi 55 cikin ɗari, wato wasa 45 cikin 81. In teburi ya nuna wasa 40 kawai ta ci, ƙungiyar ta fi yadda ake ganinta ƙarfi. In ya nuna 51, ka yi hattara, akwai sa'a a ciki, kuma sa'a ba ta da alƙawari.

Daga nan ka duba sakamakonta a wasannin da aka tashi da bambancin maki ɗaya. A nan sa'a ta fi ɓuya. Texas Rangers ta 2016 ta ci irin waɗannan wasanni 36, ta faɗi 11 kawai, ta gama kaka da nasara 95, alhali makin da ta ci bai ɗara wanda aka ci ta ba sai da takwas. Toronto Blue Jays ta share ta wasa uku a jere a zagayen farko na fitar da gwani, kuma a 2017 Rangers ta gama da nasara 78. Masu sharhi sukan ce irin wannan ƙungiya tana da zuciya. Ban musa zuciya ba, amma ba zan ba da matashi mai daraja ba don na amince da ita.

Braves ta 2021 akasin haka ce: makin da take ci ya fi wanda ake cin ta, teburi ne bai nuna ba. Washington Nationals ta 2019 ma teburi ya yaudari mutane a kanta: bayan wasa 50 nasararta 19 ce kacal, ta gama kaka da 93, ta kuma ci kofi.

Mataki na biyu: rubuta kowa a gidansa

Samu takarda ko ka buɗe jadawali a kwamfuta. Ƙungiya tana da 'yan wasa 26 da ke cikin aiki, kuma masu jifa ba za su wuce 13 a cikinsu ba. Bayan wannan akwai babban jeri na mutum 40, wanda ya haɗa da waɗanda aka ajiye a ƙananan gasanni ana iya kiransu kowane lokaci. Ka rubuta gidaje tara na masu bugu: mai cafe jifa a bayan mai bugu, masu tsaron tasha ta ɗaya, ta biyu da ta uku (tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki), mai tsaron tsakanin ta biyu da ta uku, masu tsaron bayan fili uku, da mai bugu zalla wanda ba ya tsaro. Sai masu fara jifa su biyar, sai masu karɓar jifa idan na farko ya gaji.

A gaban kowane gida ka sa suna biyu: mai riƙe da shi yau, da wanda zai gaje shi in ya ji rauni gobe. Gidan da ka rasa suna na biyu, ja masa layi. Sannan ka duba jerin masu jinya. Akwai na kwana 10 ga masu bugu, na kwana 15 ga masu jifa, da na kwana 60 ga rauni mai tsanani. Kada ka lissafa majinyaci kamar ya riga ya dawo. Mai jifan da aka yi wa tiyatar gwiwar hannu da ake kira Tommy John yakan kwashe wata 12 zuwa 18, kuma ko ya dawo, saita jifa takan yi jinkirin dawowa fiye da ƙarfinsa.

Mataki na uku: masu bugu, da lambobin da za ka yarda da su

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan ne so ke hana ganin laifi.

Lambar da talabijin ta fi nunawa ita ce kason bugun da ya yi nasara, kamar .250 ko .300. Kada ka jingina da ita. Ba ta ƙirga lokacin da mai bugu ya yi haƙuri har mai jifa ya kuskure sau huɗu aka ba shi tasha ta ɗaya kyauta, kuma ba ta bambanta ɗan bugun da ya kai mutum tasha ɗaya da wanda ya fitar da ƙwallo bayan katanga. Ka nemi OPS, wadda ta haɗa yawan isa tasha da ƙarfin bugu. Matsakaicinta a 'yan shekarun nan yana tsakanin .700 da .740. Wadda ta fi ta kyau ita ce wRC+ a FanGraphs, domin ta riga ta cire tasirin fili: 100 shi ne matsakaici, 120 yana nufin ya fi matsakaici da kashi 20 cikin ɗari, 80 kuma ya gaza da haka.

Maganar fili ba ƙarama ba ce. Filin Coors da ke Denba yana kan tudu mai tsayin kusan mil guda daga bakin teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo takan yi nisa. Mai bugun da ya yi suna a can ba lallai ya yi haka a wani wuri ba.

Bayan ka ga abin da ɗan wasa ya yi, sai ka tambayi ko zai ɗore. Ba duk lambobi ke nuna gaskiya a lokaci guda ba. Binciken Russell Carleton ya nuna cewa yawan korar da ake yi wa mai bugu da jifa uku yana fara zama abin dogaro tun daga tsayuwa gaban mai jifa sau kusan 60, yawan samun tasha kyauta kuma wajen 120. Amma kason ƙwallon da aka buga cikin fili ta kuɓuce wa masu tsaro, wato BABIP, yana buƙatar ɗaruruwan bugu, fiye da abin da rabin kaka zai bayar. Matsakaicinsa yana kusa da .300. Saboda haka idan ka ga wani yana haskakawa kuma BABIP ɗinsa .390 ne, alhali a shekarun baya .300 yake yi, to ka sa ran zai sauko. Idan ka ga wani ya dushe da .220, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Je Baseball Savant, inda na'urar Statcast ke auna kowane bugu tun 2015, ka duba kason bugunsa da ke fita da gudun mil 95 a sa'a ko fiye. In yana nan yadda yake a da, ƙarfinsa bai tafi ba, ƙwallon ce ke ta faɗawa hannun mutane.

Jorge Soler shi ne misalin da nake so a nan. Lokacin da Braves ta ɗauko shi daga Kansas City Royals ranar 30 ga Yuli, 2021, kason bugunsa .192 ne, lambar da kan sa a kori mutum. Amma shi ne wanda ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 48 a 2019, kuma ƙarfin bai bar hannunsa ba. A Atlanta ya fitar da 14 cikin wasa 55, daga baya aka zaɓe shi gwarzon World Series.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, wata uku ba sa goge shekara uku. Ka ɗora rabin kakar bana a kan tarihin mutum, ba a madadinsa ba. Abin da zai sa na yarda cewa ɗan wasa ya canza da gaske shi ne in ga dalili: ya rage bin jifan da ke wajen hurumin da dole mai jifa ya saita ƙwallo a ciki, ko ya warke daga raunin da ya dame shi bara, ko kuma shekaru sun ja, sandarsa ba ta ƙara cim ma jifa mai gudu.

Kafin ka bar masu bugu, duba yadda suke yi da mai jifa na hannun hagu da na dama. Ƙungiyar da yawancin gwanayenta ke rikicewa a gaban bahago tana da rauni da teburi ba zai nuna maka ba, amma abokan hamayya sun sani.

Mataki na huɗu: masu jifa

ERA ita ce matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zango tara, wato tsawon cikakken wasa ɗaya, kuma matsakaicin gasa yana wajen 4. Matsalarta, tana ɗora wa mai jifa alhakin aikin masu tsaro. Tun wajen shekarar 2000 wani mai bincike, Voros McCracken, ya nuna cewa da zarar an buga ƙwallo cikin fili, ikon mai jifa a kanta kaɗan ne. Daga nan aka samo FIP, wadda ke duba abubuwan da ke hannunsa shi kaɗai: mutum nawa ya kora, nawa ya ba tasha kyauta ko ya jefa a jiki, sau nawa aka fitar masa da ƙwallo bayan katanga. Ka jera ERA da FIP kusa da juna. Mai ERA 2.80 da FIP 4.30 yana cin albarkacin wasu. Mai ERA 4.80 da FIP 3.40 shi ne wanda mai wayo ke nema a kasuwa tun farashinsa bai tashi ba.

Ga masu fara jifa, tambayar ba ta tsaya a kan kyau ba, har da ko za su kai Oktoba, watan wasannin fitar da gwani. Dubi zango nawa kowane ya jefa bara, ka kwatanta da inda ya nufa bana. Matashin da ya jefa zango 90 bara kuma ya riga ya kai 95 a watan Yuli, ƙungiya za ta fara taka masa birki. Nationals ta dakatar da Stephen Strasburg a Satumban 2012 bayan zango 159 da ɗoriya, tana kan gaba a rukuninta, saboda bai daɗe da dawowa daga tiyata ba. Ka kuma duba gudun jifa wata-wata. In ya ragu da mil ɗaya ko biyu tun Afrilu, sau da yawa rauni ne ke sallama.

Masu karɓar jifa kuwa, ka sassauta hukunci a kansu ta kowane ɓangare. Zango 30 ko 35 kowane ya jefa a rabin kaka, mummunan dare biyu ya isa ya ɓata masa ERA. Abin dubawa shi ne yawan kora da yawan kyauta, da kuma ko koci yana jibga wa mutum uku aikin mutum takwas.

Mataki na biyar: tsaro

Kada ka auna mai tsaro da yawan kuskurensa. Wanda bai isa wurin ƙwallo ba ai ba zai yi kuskure ba. Duba OAA a Baseball Savant, lambar da ke nuna mutum nawa mai tsaro ya fitar fiye da matsakaici, sannan ka kalli wasa biyu ko uku da idonka. Gidaje uku sun fi nauyi: mai cafe jifa, mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, da mai tsaron tsakiyar bayan fili. A waɗannan ana yafe wa mutum raunin bugu in tsaronsa ya yi kyau.

Mataki na shida: nemo ramin

Yanzu koma kan takardarka, ka sa WAR a gaban kowane suna. Wannan lamba tana kiyasta nasara nawa ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya fiye da wanda za a iya ɗaukowa daga ƙaramar gasa a sa a gurbinsa. A cikakkiyar kaka, 2 na nufin ɗan wasa na yau da kullum, 5 fitacce, 8 gwarzon shekara. A rabin kaka sai ka raba biyu. Ba ma'aunin zinariya ba ce, bambancin 1.2 da 1.5 ba komai ba ne, amma tana nuna rami sarai.

Abin da mai goyon baya ke so shi ne a sayo babban suna. Abin da ke ƙara nasara da arha shi ne a cire wanda ke ƙasa da sifili a sa matsakaici. In gida yana hannun wanda ke jawo asara, ko ɗan wasa na tsaka-tsaki ka sa ka ci riba. In gida yana hannun mai kyau ka sauya shi da wanda ya fi shi kaɗan, ka biya tsada a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da Anthopoulos ya gani ke nan. Masu tsaron cikin filinsa, Freddie Freeman, Ozzie Albies, Dansby Swanson da Austin Riley, ba su da matsala. Bayan fili ne ya zama kango. Bai je neman wanda zai maye Acuña shi kaɗai ba, don babu irinsa a kasuwa. Ya ɗauko Joc Pederson daga Chicago Cubs a tsakiyar Yuli, sannan a ranar ƙarshe ya ƙaro Soler, da Adam Duvall daga Miami Marlins, da Eddie Rosario daga Cleveland, wanda ma yana jinya a lokacin. Bai saki ko ɗaya daga manyan matasansa ba. Braves ta gama da nasara 88, Rosario ya zama gwarzon zagayen da suka fitar da Los Angeles Dodgers.

Mataki na bakwai: kwantiragi da matasa

A gaban kowane suna ka ƙara shekarun da suka rage masa a hannun ƙungiya. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar inda zai je sai ya cika shekara shida yana babbar gasa. Wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kaka ɗan haya ne: wata biyu zai yi maka, da wasannin fitar da gwani in an kai. Ka kuma lura da jimillar albashi, domin akwai iyakar da in an haura ta sai an biya haraji. A 2024 dala miliyan 237 ce.

Sannan ka san abin da za ka bayar. Cubs ta ba da Gleyber Torres a 2016 ta karɓi Aroldis Chapman na 'yan watanni, ta ci kofin da rabonta da shi tun 1908. Babu mai cewa ta yi asara. A shekarar kuma Chicago White Sox ta ba da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Fernando Tatis Jr. ta karɓi James Shields daga San Diego Padres, ba ta ma je wasannin fitar da gwani ba. Irin ciniki ɗaya ne, bambancin shi ne ɗaya ta san matsayinta na gaskiya, ɗayar ba ta sani ba.

Mataki na takwas: yanke hukunci

Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga wasannin fitar da gwani, shida daga kowane ɗaya cikin ɓangarori biyu na gasar. Ƙofa ta faɗaɗa: Philadelphia Phillies ta kai wasan ƙarshe a 2022 da nasara 87, Arizona Diamondbacks ta kai a 2023 da 84. To ka ɗauki 86 a matsayin abin nema, ka cire nasarorin da ke hannu, ka ga nawa ake bukata cikin wasannin da suka rage. Ƙungiya mai nasara 38 bayan wasa 81 tana bukatar 48 cikin 81 da suka saura, kusan kashi 59 cikin ɗari. Koma kan lissafin mataki na farko: ta taɓa nuna irin wannan ƙarfi? Ƙara abin da masu dawowa daga jinya za su kawo, da abin da toshe rami zai kawo, bisa kiyasin cewa maki goma daidai yake da nasara ɗaya. Dubi jadawalin da ya rage, da yawan ƙungiyoyin da ke gabanka, don tazarar wasa huɗu a bayan ƙungiya ɗaya ba daidai take da tazarar wasa huɗu a bayan ƙungiya biyar ba.

In lissafi ya kai, a saya, kuma a sayi abin da ramin ke bukata. In bai kai ba, a sayar da 'yan haya a karɓi matasa. Tun 2019 babu wata dama ta musaya bayan ranar rufe kasuwa, don haka abin da aka yanke kafin ranar shi ke nan.

Los Angeles Angels ta 2023 ta tsinci kanta a wannan mararraba. Gwarzonta Shohei Ohtani yana shekararsa ta ƙarshe a kwantiragi, kuma da ta sa shi a kasuwa da ta kwashi matasa masu yawa. Tana bayan ƙungiyoyi da dama, ɗaya gwarzon nata, Mike Trout, yana jinyar karaya a hannu, amma 'yan nasarorin ƙarshen Yuli suka ba ta ƙwarin gwiwa. Ta riƙe Ohtani, ta ba da matasa ta karɓo Lucas Giolito da Reynaldo López daga White Sox, da C.J. Cron da Randal Grichuk daga Colorado Rockies. Na fahimci dalilin. Wa zai so ya zama wanda ya sayar da Ohtani? Amma aka cinye ta wasa bakwai a jere a farkon Agusta. Kafin watan ya ƙare ta saki Giolito da López ba tare da ta karɓi ko ɗan wasa ɗaya ba, ta gama kaka da nasara 73. A watan Disamba Ohtani ya sa hannu da Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara goma.